Jere Ya Koma Cikin Waya: Uwargida, Kin Leƙa Gidan Da 'Yarki Ta Gina?

  

Uwargida, a wannan watan ina so mu tattauna ne a kan wani gida da ke cikin gidanki, wanda mai yiwuwa ba ki taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, alhali kuwa 'yarki ce ta gina shi, ita ta shafa masa fenti, ta jera kujeru, ta rataya labule, har ma takan yi baƙi a cikinsa. Wannan gida yana cikin wayarki ta hannu, wadda kike miƙa mata don ta ƙyale ki ki ƙarasa girki. Idan kin ga ta yi tsit a lungu ta ƙura wa waya ido tana ta dangwale-dangwale, kika tambaya ta ce miki, "Umma, gem nake yi," to sau da yawa ba harbe-harbe ko tseren mota take yi irin na 'yan uwanta maza ba. Jere take yi.

Kada ki ce ai wannan al'amari na 'ya'yan masu kuɗin birni ne. A nan Kutama, da Getso, da Garo, da Kabo, babbar waya ta shiga ɗakuna da yawa. Hutu ɗaya yarinya za ta yi wajen gwaggonta a Kabuga ko Rijiyar Zaki ta dawo ta iya, sauran kuma sai a tura wa juna a shagon mai cajin waya. Shi ya sa na ga ya dace mu san abin, domin wadda ba ta san abu ba, ko dai ta hana shi a inda bai kamata ba, ko ta sake shi a inda yake da haɗari.

Abin ba baƙo ba ne a wajenmu

Kafin mu ɗora wa waya laifi, mu tuna ƙuruciyarmu. Wace ce a cikinmu ba ta yi wasan 'yar tsana ba? Mun tsinci ƙashi ko karan dawa mun ɗaura masa ƙyalle, mun yi masa kitso da zare. Mun share gindin katanga mun ce nan ne ɗakin amarya. Kwalin sukari ya zama gado, kwalin ashana ya zama kujera, marfin kwalba ya zama faranti, gwangwanin tumatir ya zama tukunya, aka dafa tuwon ƙasa da miyar ganye. Har biki mukan yi wa 'yar tsana, a kai ta ɗaki da guɗa.

Da muka girma sai wasan ya zama gaske. Ranar jere kowa ta san yadda gwaggwanni da ƙannen uwa suke yini a ɗakin amarya suna ta ja-in-ja a kan inda gado zai fuskanta. Kakanninmu ƙwarya da faifai suka jera. Iyayenmu suka zo da tasa da langa da samira, a ɗora su hawa-hawa har su kusa taɓa rufi. Mu kuma muka tarar da kabad da shogilas cike da tangaran. Ta ɓangaren maza ma haka ne, magina sun yi wa fuskar gidaje ado da zane da makuba da zanko, kuma har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Kin ga ke nan son gyara wuri da ƙawata shi a jininmu yake.

Kuma ba abin ƙi ba ne. Ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'ya'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), bai kuma hana ta ba. Imamu Gazali ya yi nasihar a bar yaro ya yi wasa mai kyau idan ya taso daga makaranta, saboda hana shi wasa gaba ɗaya yana dakushe masa basira, ya sa ya tsani karatu. A kwalejin ilimi ma an karantar da mu labarin Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantar da ta kira Gidan Yara a birnin Rum a 1907, ta sa aka ƙera ƙananan kujeru da tebura daidai tsawon yaran, domin su riƙa shara da goge-goge da jera kaya da kansu. Ta fahimci cewa ta wannan hanyar yaro yake koyon tsari da natsuwa.

Saboda haka yarinyar da ke jera kujeru a waya, abin da muka yi take yi. Sai dai akwai bambanci guda babba: mu ƙasar da muka yi wasa a kanta ta gidan ubanmu ce, ita kuwa filin da take gini a kai na wani kamfani ne da ke wata uwa duniya, wanda kuma kasuwa ce ta fito da shi.

Daga ina wannan wasa ya fito?

A shekarar 1991 gobara ta tashi a garin Oakland da ke Amurka ta cinye dubban gidaje, ciki har da na wani mai ƙirƙirar wasannin kwamfuta, Will Wright. Yana cikin sake sayen kayan gida ɗaya bayan ɗaya tunanin wani wasa ya ƙara ƙarfi a ransa, wanda mutum zai gina gida ya zuba kaya ya kula da mutanen ciki. Wasan ya fito a 2000 da suna The Sims, ya kuma karɓu ƙwarai, musamman a wajen mata. Tun kafin nan, a 1997, wani wasa mai suna Ultima Online ya ba mutanen da ke wasa tare ta intanet damar mallakar gidaje da kafa wuraren sayar da kaya, har ta kai ana sayar da gidan cikin wasa da kuɗin gaske. A 2003 aka buɗe Second Life, inda a 2006 wata mata da aka sani da suna Anshe Chung ta ba da sanarwar cewa dukiyar da ta tara ta hanyar sayar da filaye da gidajen da babu su a doron ƙasa ta kai dala miliyan 1.

A lokacin duk wannan sai mai kwamfuta. Yanzu kuwa ya dawo tafin hannu. Wanda ya fi jan yara shi ne Roblox, wanda aka buɗe a 2006. Shi kamar babbar kasuwa yake, mai rumfuna barkatai, kowace rumfa wasa ce daban. A cikinsa akwai Brookhaven, inda yara ke zaɓen gida da mota suna kwaikwayon zaman iyali, da Welcome to Bloxburg, inda za ki yi aiki a biya ki sannan ki sayi bulo da kayan ɗaki, da Adopt Me!, inda ake kiwon dabbobi ana ƙawata musu gida. A 2025 kamfanin ya ce masu shiga a kowace rana sun haura mutum miliyan 100, kaso mai yawa daga cikinsu kuwa yara ne da ba su kai shekara 13 ba. Akwai Minecraft na ginin bulo, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2014 a kan dala biliyan 2.5. Akwai Hay Day, wanda ya fito a 2012, inda ake noma da kiwo a kuma buɗe rumfa a bakin hanya, wasu masu wasan su zo su sayi kayanki.

Yadda ake yi shi ne, yarinya za ta zaɓi wani ɗan mutum-mutumi ya wakilce ta, ta sa masa suna da tufafi. A ba ta fili ko ɗaki wayam. Sai ta shiga neman kuɗin wasa, ta sayi gado, ta sayi fitila, ta canza launin bango. Idan ta gama ta gayyaci wasu su zo su gani su yaba.

To uwargida, idan 'yarki ta ce za ta je wani gida yini, ai sai kin tambaya: gidan wa ne? Su wa ke ciki? Me ake yi a can? Waɗannan tambayoyin su ne za ki yi wa gidan cikin waya.

Gidan wa ne?

Gidan haya ne, kuma hayar da ba ta da takarda. Duk abin da yarinya ta gina yana ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfani, ranar da kamfanin ya ga babu riba sai ya rufe. Ya sha faruwa. The Sims Online, wanda aka buɗe a 2002, an rufe shi a 2008. Club Penguin, inda yara suka yi shekaru suna ƙawata ɗakunan ƙanƙara, an rufe shi a 2017. FarmVille na Facebook, wanda miliyoyin mutane suka yi ta noma a cikinsa tun 2009, an rufe shi a ƙarshen 2020. Haka kuma idan aka sace mata lambar sirri, ko kamfani ya kulle asusunta, shi ke nan.

Ki kwatanta da kayan ɗakinki. Samirar da uwa ta tara wa 'yarta dukiya ce, ranar da ta ɓaci akan ɗauki saiti guda a sayar a yi magani, ko a ajiye wa ƙanwa. Kujerar cikin waya kuwa ba ta gaduwa, ba ta jinginuwa, ko zama a kanta ba a yi. Ya kamata yarinya ta ji wannan daga bakinki tun da wuri, don ta san iyakar abin da za ta zuba wa zuciyarta.

Da kuɗin wa ake jeren?

Yawancin wasannin nan kyauta ake sauke su, amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Dabarar ita ce a yi kuɗi iri biyu. Na farko ana samunsa da wahala da ɓata lokaci, shi ke sayen tabarma da benci. Na biyu da kuɗin gaske ake sayensa, shi ke sayen gado mai rumfa da gidan bene. A Roblox sunansa Robux, a wasu kuma lu'ulu'u ko zinare ake ce masa. Ƙaramin ƙunshi yakan kai kusan dala 5, dala ɗaya kuwa ta haura naira 1,000. Ki lissafa mudu nawa na masara ke nan. Da yake an sauya wa kuɗin suna da kama, yaro ba ya jin zafin fitarsa.

Sannan akwai dabarun riƙe zuciya. Ana ba da kyauta ga wanda ya shiga kullum, idan ya tsallake rana ɗaya a mayar da shi farko. Ana fito da wani labule a ce na kwana uku ne kawai, wanda bai saya ba ya rasa. Ana sa gini ya ɗauki awoyi kafin ya kammala, sai dai idan za ki biya a gaggauta. Don haka idan kin karɓe waya kika ga yarinya tana kuka kamar an yi mata mutuwa, ba lallai rashin kunya ba ce zalla, akwai ƙwararru da aka biya albashi don su tsara abin ya kama zuciya haka. Wadda ba ta da kuɗi kuma sai a ce ta kalli talla a ba ta lada. Tallan nan yana cinye data, kuma babu mai tace miki shi, ana iya nuna mata na caca, ko na masu ba da bashi da ruwa, ko hotunan da ba za ki so ta gani ba.

Mafi muni shi ne abin da zan kira akwatin sa'a. Za ki biya kuɗi a ba ki akwati ko ƙwai a rufe, ba ki san abin da ke ciki ba sai kin fasa, wataƙila abu mai daraja, galibi kuwa tarkace. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma ƙanwar caca ce, mun kuwa san matsayin caca. Ba mu kaɗai muka ga haka ba, hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne. A Amurka ma, a 2014 hukumar kare masu sayayya ta sa kamfanin Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 na sayayyar da yara suka yi ba da izininsu ba, Google kuma aƙalla dala miliyan 19. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da biyan dala miliyan 520, wanda miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutanen da aka cire wa kuɗi ne ba da son ransu ba.

Za ki iya cewa ai ni ba ni da katin da ke sayayya a ƙasar waje. To a nan ne 'yan damfara suke shigowa. Wata baiwar Allah da nake karantar da 'yarta ta zo mini hankali a tashe. Sana'arta awara, kuma da yake ba ta karanta Turanci, yarinyar ce ke yi mata tiransifa, don haka ta san lambar sirrin. Wani da suka haɗu a cikin wasa ya ce zai tura mata kuɗin wasa a farashi mai rahusa idan ta tura masa naira. Ta tura zubin adashin uwar na sati biyu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yarinyar ba ɓarauniya ba ce, haziƙa ce ma a aji. Kawai ƙawayenta na cikin wasa duk sun yi gidan bene, ita tana ɗaki ɗaya, abin ya tsaya mata a rai.

Su wa ke shiga gidan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Gidan Bahaushe yana da zaure, baƙo ba ya wucewa sai da sallama da izini. Gidan cikin waya ba shi da zaure. Yawancin wasannin da ake yi tare da wasu ta intanet suna da wurin hira, kuma wanda ya zo da siffar yarinya 'yar shekara 10 yana iya zama ƙato ɗan shekara 40, a Legas yake ko a wata ƙasa.

Hanyarsu sananniya ce. Zai fara da yabon gidanta. Sai ya ba ta kyautar wata kujera ko dabba mai tsada. Sai ya zama shi ne aminin da ke sauraron ƙorafinta. Daga nan ya ce su koma wani dandalin inda babu mai sa ido, ya nemi lambar waya, ya nemi hoto, ya ce kada ta gaya wa Umma. Mutumin nan da muke gargaɗin yara a kansa, mai ba da alewa a bakin hanya, shi ne ya sauya tufafi. Saboda irin wannan damuwa ta kare yara ne wata kotu a ƙasar Turkiyya ta toshe Roblox a watan Agustan 2024. A watan Nuwamba na wannan shekarar kamfanin ya ƙara matakan tsaro, ya taƙaita saƙonnin 'yan ƙasa da shekara 13, ya kuma ba iyaye damar haɗa asusunsu da na ɗansu don su ga abokansa, su sa iyakar lokaci da ta kashe kuɗi. Sai dai a lokacin matakan nan sun dogara ne da shekarun da aka rubuta, yara kuwa sun iya ƙara wa kansu shekaru.

Wane irin gida ake koya mata?

Ki karɓi wayar ki duba da kyau. Gidan da ke ciki yawanci gidan Amurka ne: falo haɗe da kicin, wurin wanka a fili, wani ma har da wurin jera kwalaben giya. Babu tsakar gida, babu rumfa, babu inda kaka za ta shimfiɗa tabarma, babu inda za a girke tukunyar suna. A wasu wasannin kwaikwayon zaman iyali kuma, yara kan raba matsayi, wannan miji wannan mata, da mutanen da ba su sani ba.

Akwai kuma wani abu da ke shiga a hankali. Yarinyar da ta yi shekara biyar tana canza saitin kujeru duk sati da dangwale ɗaya, wane ido za ta kalli ɗakin uwarta da shi? Me za ta sa rai ranar nata jeren? Mun riga mun san yadda kayan ɗaki ke hana iyaye barci, har wani auren a ɗaga shi saboda su, wani uban ya sayar da gona. Ai saboda nauyin nan ne a auren gatan da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023 aka haɗa musu da gado da katifa. Idan muka bar waya ita kaɗai ta koya wa 'ya'yanmu ma'anar ɗaki mai kyau, to mun ƙara wa kanmu kaya.

Alherin da ke ciki

Duk da haka, 'yar uwa, ban ce ki fasa waya ba. Na lura a aji cewa yaran da ke irin wannan wasa sukan fi saurin gane awo da fasali, sun san abin da zai shiga lungu da wanda ba zai shiga ba, sun san launin da ya dace da wani. Mai rumfa a cikin wasa ta san sari da riba, ta san idan ta tsawwala farashi kaya za su kwana. Sukan tsinci kalmomin Turanci ma. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ga amfanin abin: tun 2012 hukumarta mai kula da matsugunai take amfani da Minecraft a wani shiri mai suna Block by Block, inda mazauna unguwa, har da mata da yara, suke zana yadda suke so a gyara musu fili, sannan a gina da gaske. Daga cikin wuraren farko akwai unguwar Kibera a birnin Nairobi na Kenya.

Kuma wannan baiwa tana iya zama abin cin abinci. Ga Mariam Issoufou, 'yar Nijar, wadda ta fara da karatun kwamfuta sannan ta koma zanen gine-gine. Ita da abokiyar aikinta suka tsara cibiyar Hikma a garin Dandaji na jihar Tawa, aka kammala a 2018, inda aka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu aka gina sabo kusa da shi, da tubalin ƙasa. Yau duniya ta san ta. Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Wa ya sani ko mai dangwale-dangwalen nan ta ɗakinki ita ce ta gaba?

Abin da nake ba ki shawara

1. Ki nemi a kai ki ziyara. Ki zauna kusa da ita ki ce, "Zo ki nuna mini gidan nan naki." Ki yaba abin yabawa. Yarinyar da ta saba nuna miki falonta ita ce za ta gaya miki ranar da wani ya yi mata maganar banza. Wadda ta san duka za ta sha kuwa ɓoyewa za ta yi.

2. Ki yi wa gidan zaure. Idan wasan yana yiwuwa ba tare da data ba, a kashe data, kin huta da baƙi da yawancin talla. Idan sai da data, a rufe wurin hira ko a taƙaita shi ga 'yan uwa da ƙawayen da kika sani ido da ido. A rubuta shekarunta na gaskiya. Dokar gida: ba a faɗin cikakken suna, ko gari, ko makaranta, ko lambar waya, ba a tura hoto, ba a karɓar kyautar wanda ba a sani ba.

3. Ki raba wayar wasa da lambar kuɗi. Idan ita ke yi miki tiransifa, ke za ki riƙa danna lambar sirri da hannunki, ki kuma riƙa sa wani babba ya duba miki saƙonnin banki. A Play Store akwai inda ake saitawa kada a sayi komai sai da lambar sirri. Akwai kuma manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, tana ƙayyade lokaci tana kuma hana sauke sabon wasa sai da izini. Idan ba ki iya ba, ki sa maigida ko yayanta ya saita. Ki duba lambar shekarun da ake rubutawa a jikin kowane wasa, kamar 3+ ko 12+ ko 18+.

4. Akwatin sa'a babu shi, ko da kuɗinta na sallah ne. Ki yi mata bayanin dalili, kada ki tsaya a hani kawai.

5. Ki sa lokaci sananne, bayan an dawo Islamiyya, an yi aikin gida da tilawa, kuma a tsakar gida inda kowa ke gani. Waya ba ta kwana a shimfiɗar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasannin nan cikin jerin cututtuka a 2019. Alamun da za ki lura da su: wasa ya fi ƙarfin barci da abinci da salla da karatu, kuma ta kasa bari duk da tana ganin illar.

6. Ki fito da baiwar fili. Ki ba ta lungu guda a ɗaki ki ce nata ne, ta tsara shi. Ki bar mata jeren kwanukan kicin da gyaran ɗaki na sallah. Ki saya mata littafin lissafi mai gida-gida da tef na awo, ta auna ɗakinku ta zana shi. Ki ce ta gina miki gidan kakarta a cikin wasan, da zaure da rumbu da turken awaki, za ki sha mamakin tambayoyin da za ta je ta yi wa tsohuwa. Idan ana jere a dangi ki tafi da ita. Idan da mai ɗinkin zanin gado da labule a unguwa, ki kai ta koyo lokacin hutu. Mai son rumfa kuma ki ba ta littafi ta riƙa rubuta miki shiga da fitar 'yar sana'arki.

7. Ki duba kanki. Da yawa daga cikinmu mu ma muna da gonar da muke shayarwa a waya har miya ta kama. Yaro abin da ya gani yake yi.

Uwargida, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A daren yau, bayan an ci tuwo, ki kira ta ki ce ta buɗe miki ƙofar gidan nan. Ki tambayi sunan kowane aboki da ke jerin abokanta, da inda ta san shi. Wanda ta kasa faɗa, ku goge shi tare.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama sanyin idanunmu, Ya kare su daga sharrin da muke gani da wanda ba mu gani. Mai tambaya ko ƙarin bayani tana iya aiko da wasiƙa ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum. Taku har kullum, daga Kutama.